Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Gwaggo Ta Raba Mana Jinya

A makon jiya na tsaya a inda aka sallamo Umma daga Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ɓarin jikinta na dama a shanye, maganarta sai an kasa kunne. Da yake ni ce babba a mata, ga shi aurena ya mutu ina zaune a gida, ba wanda ya tambaye ni ko zan iya. Jinya ta zama tawa kawai.

Wanda bai taɓa yi ba, zai ɗauka jinya ba ta wuce ba da magani da dama kunu ba. Tun a asibiti aka ja min kunne cewa duk bayan awa 2 a juya ta, dare da rana, in ba haka ba gyambon kwanciya zai fito mata a ƙugu da diddige. Ga canjin famfas, ga wanka a kan gado, abinci kuma sai an tayar da ita zaune a ba ta kaɗan-kaɗan don kada ta ƙware. Ranar zuwa gashin ƙashi ni da mai adaidaita sahu ne muke kokawar ɗora ta.

'Yan dubiya kam Allah ya saka musu. Sai dai "sannu da jinya" ba ta juya mara lafiya, kuma ni ce dai mai shimfiɗa musu tabarma da kawo ruwa.

Bayana ne ya fara ƙagewa, sai ciwon kai da jiri. Wata rana Gwaggo, ƙanwar Babanmu, ta zo daga Wudil ta tarar na sallame sallah na yi barci a kan darduma. Ta sa ƙanena ya ɗaura min na'urar awon jinin Umma: 160 bisa 100. Alhali daga 140 bisa 90 ake kiransa hawan jini, ciwon da ya kwantar da Umma ke nan.

A daren ta tara mu. Ta dubi Yaya ta ce, "Kai, kuɗin maganin da kake turowa mun gode, amma uwar nan ba ƙanwarka kaɗai ta haifa ba. In yarinyar nan ta faɗi, gado biyu za ku shimfiɗa." Yaya ya sunkuyar da kai ya ce, "Gaskiya ne, Gwaggo." Ni kuma ta tuna min faɗar Manzon Allah (SAW) cewa jikinka yana da haƙƙi a kanka.

Aka yi karɓa-karɓa. Ƙanwata ta ɗauki kwanan Juma'a da Asabar, ƙanena ya karɓi kai ta asibiti, girkin rana ya koma gidan Yaya. Dubiya aka tsayar da ita daga la'asar zuwa magariba. Na ga likita, na fara shan nawa maganin, na rage gishiri da magi. Mai gashin ƙashi ta koya mana shimfiɗa zani a ƙarƙashin Umma, mutum biyu su ja, maimakon in sunkuya in ciccibe ta ni kaɗai. Na koma Islamiyyar Asabar da Lahadi, inda ba mai kiran sunana don a kawo fo.

Tsegumi kuwa bai jira ba. Har kunnena aka kawo cewa wai na gaji da uwata. Bakin da maganar ta fito shi ne ya fi ƙona min rai, domin cikin gida ne. A nan za mu ɗora mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.