Godiya a Madadin Iyalan Baba Alƙali

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Alhamdu lillahi, Baba ya dawo gida. Jiya ya sha kunu da kansa, cokali a hannun hagu, yana sha yana istigfari saboda hannun dama ya ƙi ɗaguwa. Har faɗa ya yi mana a kan ƙarar janareta, mu kuwa muka yi ta murna, don rabonmu da jin faɗan nan tun ranar da ya faɗi. Yadda aka faro da irin kai-kawon da aka sha duk kun sani, ba sai na maimaita ba, ƙarfin maimaitawar ma babu. Saƙonninku sun iso, da waɗanda aka amsa da waɗanda ke jiran amsa.

Baba ya ce kada a ambaci kowa, wai wanda ya yi don Allah ba ya son a tona shi. To amma akwai mutum ɗaya da ba zan iya tsallakewa ba, in ya so a yi mini faɗa daga baya. Baba Muhti muke ce masa tun muna yara, shi ne ke riƙe wa Baba littafin shari'a tun suna kotun ƙauye. Tsoho ne yanzu, idonsa ɗaya ya yi yana, amma tunda aka kwantar da Baba ya shimfiɗa tabarmarsa a barandar ɗakin, da butarsa da carbinsa, ya ce nan ne wurin aikinsa.

A daren da zazzaɓi ya yi tsanani, Baba ya daina gane mu. Ya dubi Mama kamar bai taɓa ganinta ba. Yana ta yunƙurin tashi, ya fizge robar ƙarin ruwa har jini ya ɓata zanen gado, bakinsa a karkace yana maimaita magana ɗaya da ba mu iya kamawa. Nas ta ɗauka sunan wani yake kira. Ni dai ƙafafuna sun ƙi ɗaukata, na jingina da bango ina jin lokaci ne ya yi. Sai ga Baba Muhti ya shigo. Ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa, ya gyara hularsa, ya tsaya daga gefen gado ya ɗan rusuna, ya kasa kunne. Ashe tambaya Baba yake yi: "An yi musu i'izari?"

"An yi, Allah gafarta Malam. Kowa ya ce ba shi da sauran magana."

"An rubuta?"

"An rubuta, ga shi nan a littafi."

Baba ya yi shiru, ya saki hannun nas ɗin. Can ya ce, "To, a ɗage zama." Ya mai da kai kan matashi, barci ya ɗauke shi. Likita ya ce maganin da aka sa masa ne ya fara aiki, kuma ban musa ba. Amma ni na ga abin da na gani.

Ga ƙannenmu da ba su san aikin ba, i'izari shi ne: kafin alƙali ya yanke hukunci, dole ya tambayi masu shari'a ko akwai sauran hujja, ko wata suka da za su yi wa shaidu, kuma a rubuta amsarsu. In aka tsallake wannan, hukuncin zai iya rushewa a gaba, komai kyansa. Shekarun da Baba ya yi a Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci ta jiharmu, ba ƙaramin hukunci ya mayar ƙasa a sake saurare ba a kan wannan kaɗai. Mutane kan yi ƙorafi, su ce ya tsawaita musu wahala a kan tambaya guda. Ni ma da ina yarinya na ɗauka tsanani ne kawai irin na Baba. Shi kuwa cewa yake, mutumin da ya fita kotu da magana a bakinsa ba a yi masa shari'a ba, ko da shi ne marar gaskiya.

Ba daga sama ya faɗo kujerar ba. Allo ya fara, sai zaure, sannan Makarantar Nazarin Larabci ta Kano, wadda aka kafa a 1934 don horar da alƙalai, aka ba ta wannan suna a 1947. Daga nan ya tafi Kongo, reshen Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, ya yi difloma. Ya shiga aiki bayan an karɓe kotuna daga hannun En'e an mai da su kotunan yanki a ƙarƙashin gwamnatin jiha, ya fara daga magatakarda, ya zama alƙalin ƙauye. Mu manyan 'ya'yansa kowa da garin da aka haife shi, don canjin wurin aiki ba ya ƙarewa. Na tashi na ga littattafan fiƙihunsa, Tuhfa da Muhtasar, a cikin wata tsohuwar adaka, bangonsu ya sha ɗinki, kuma duk inda za a tashi, ita ake fara ɗorawa a mota kafin tukwanen Mama.

Da aka naɗa shi ƙadi, dangi suka ɗauka an samu mai ɗaurewa da kwancewa. Ba su san aikin kotun ba. Abin da sashe na 277 na Tsarin Mulkin 1999 ya lissafa mata shi ne aure da rabuwa, riƙon yara, wasiyya, kyauta, waƙafi da gado. Wato kukan zawarawa da marayu, da 'yan'uwan da gona ta raba. Ba ya zama shi kaɗai, sai an cika aƙalla ƙadi uku, kuma a samansu akwai Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya da za ta iya warware abin da suka ƙulla. In aka warware nasa, yakan kawo kwafin gida ya zauna da shi bayan Isha'i da jan biro. Wani lokaci ya ce sun fi shi gani, wani lokaci ya rufe ya ce Allah ya sani. Ya yi ritaya yana da shekara 65 kamar yadda doka take a lokacin. Da aka mai da ita 70 a 2023, abokai suka zo yi masa jaje wai ya yi saurin fita, ya ce shi taya shi murna ya kamata a yi.

Cikin ƙadi biyun da suka fi zama tare da shi a kotun, ɗaya ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansa, ya haskaka makwancinsa. Ɗayan ya zo asibiti da sanda, jikansa na riƙe da shi, ya zauna bai ce komai ba sai karatu a hankali. Allah gafarta Malam, mun gode.

Muna godiya ga likitoci da ma'aikatan jinya, musamman nas ɗin dare mai tsohon ciki, wadda ba ta taɓa ɗaga mana murya ba duk da yawan kiran da muke mata. Allah ya sauke ki lafiya, ya raya abin da za ki haifa. Masu gashin ƙashi da ke fama da taurin kan Baba, sannunku da haƙuri. Matasan lauyoyin da suka yi layi don ba da jini, wasunsu Baba ya taɓa korarsu su je su sake shiri, ga shi ba su riƙe ba. Ɗaliban zaurensa da suka yi ta sauka. Maƙwabciyarmu da ta ɗauke mana girki ba tare da an roƙe ta ba. Direban Baba na da, wanda ya ajiye sana'arsa ya koma jigilarmu, ya kuma ƙi karɓar ko kuɗin mai. Allah ya saka muku da mafificin alheri, ya sa ku gama da duniya lafiya. Yadda kuka tsaya mana, Allah ya tsaya muku ranar da babu mai tsaya wa wani. Ya jiƙan iyayenku, ya shirya zuri'arku, ya rufa muku asiri duniya da lahira, ya ba marasa lafiyarku lafiya, na gida da na asibiti. Mama kuwa, ban san da bakin da zan gode miki ba. Allah ya ba ki Aljanna, ya bar ku tare.

Akwai waɗanda zauren nan ya sha ganin takalmansu lokacin da mota mai lambar gwamnati ke ƙofar gida. Tsakaninsu da asibitin adaidaita sahu ɗaya ce. Mun san tun shari'ar gonar nan, da Baba ya janye kansa ya ce ba ya zama a kan maganar jininsa, ake gaisawa sama-sama. Mama ta ce kada in taɓa maganar, don haka na bar ta a nan. Wataƙila uzuri ne ya riƙe su. Allah ya haɗa kanmu.

Masu son zuwa dubiya, ƙofa a buɗe take bayan La'asar zuwa Magariba, don da safe ake masa gashi. Likita ya hana gishiri da maiƙo, saboda haka masu niyyar kilishi da dambun nama, mun yafe, addu'arku ta wadatar. Sannan don Allah kada a zo masa da takardun rabon gado ko neman fatawa tukuna. Shekaranjiya wani ya zaro nasa daga aljihu, Baba har ya miƙa hannu yana neman tabarau.

'Yarsa, a madadin Mama da sauran iyali.