Tun daga SS1 na fara shirin shiga NDA

Yawancin yaran da suke zuwa wajena da maganar NDA, wato makarantar horar da hafsoshin soja ta Najeriya, sai sun gama SS3, rizalt ya fito, an buɗe fom har an kusa rufewa, sannan za ka ji suna yaya dan Allah ya ake yi. Wallahi abin yana damuna, don a lokacin rabin abubuwan da za su kayar da yaro sun riga sun faru, ba kuma yadda za a yi a gyara su cikin wata ɗaya. Ni Allah ya taimake ni da kawuna, ƙanin Ummanmu, tsohon soja ne da ya yi ritaya bayan ya daɗe a bariki, shi bai taɓa zama hafsa ba, ta Depot ta Zariya ya shiga a kurtu, amma ya ga yadda ake yin hafsoshi kuma ya san inda yaranmu suke zubewa. Ina gama JSS3 na ce masa ina son soja, ya ce toh ɗana, in kaki kawai kake so hanyoyi da yawa, in kuma NDA kake nufi to daga yau za ka fara, ba sai ka gama makaranta ba.

Ga wanda bai sani ba, NDA tana Kaduna, an kafa ta a 1964, akwai tsohon wuri a barikin Ribadu akwai kuma mazauninta na dindindin a Afaka. Kos ɗin da ɗan sakandare yake nema shi ne Regular, shekara biyar ne ga sojan ƙasa, huɗu na karatun digiri haɗe da horo sannan ta ƙarshe horon soja zalla, ka fito da digiri da tauraro a kafaɗa. Sojan ruwa da na sama ma nan suke farawa. Mata kuma an fara ɗaukarsu tun 2011, don haka ƙannena mata wannan maganar har da ku.

Abu na farko da Kawu ya sa na yi ba gudu ba ne, takardu ne. Ya ce in kwaso takardar haihuwata da satifiket ɗin firamare da na JSS in baje masa a tabarma, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana duba yadda aka rubuta suna da ranar haihuwa. Mu nan arewa mun san halinmu, yaro ɗaya sai ka ga Muhammad a wannan takarda, Mohammed a waccan, a wata an sa sunan kaka a wata an sa sunan gari, ranar haihuwa kuma malamin aji ne ya ƙirƙiro masa ranar da ake cike fom ɗin jarabawa don ya gaji da jiran a tambayo a gida. A jami'a ƙila a yi maka uzuri ka kawo takardar rantsuwa daga kotu, amma a wajen tantancewar soja na ga yara ƙarfafa masu ƙoƙari an sallame su tun ranar duba takardu, ko wandon gudu ba su kai ga sakawa ba. Tunda muka tsayar da suna ɗaya da rubutu ɗaya tun ina SS1, shi na bi da shi har rijistar WAEC da NECO da JAMB, kuma ranar rijistar da kaina na tsaya na karanta abin da aka buga kafin in yarda a tura. Yanzu ma abin ya ƙara tsanani tunda JAMB ta koma sai da NIN tun 2021, duk abin da yake kan NIN ɗinka shi zai bi ka, to a gyara shi tun da wuri. Takardar shaidar ƙaramar hukuma ita ma a karɓe ta tun ana da natsuwa, kuma ta ainihin inda kuka fito, saboda ɗaukar jiha-jiha ake yi, kowace jiha da kasonta, da 'yan jiharku za ka yi takara, kuma ƙaryar jiha tana tonuwa.

Sai shekaru. Lokacin da na nema daga 17 zuwa 21 ne, kuma kowace shekara sanarwar tana faɗin ƙa'idarta, a karanta ta da kyau. Ka lissafa da kanka, wanda ya gama sakandare yana da 19, lissafi ya riƙe shi ya sake zama, ya kuma sake, kafin ya ankara ƙofar ta rufe. Shi ya sa kiredit biyar ɗin nan har da Turanci da lissafi nake cewa a yi ƙoƙari a same su a zama ɗaya, duk da a lokacinmu ana karɓar zama biyu.

Maganar karatu nan ne na fi shan wuya. Makarantar gwamnati na yi, ajinmu cike maƙil, Turanci kuma sai dai a littafi, muna fita tara Hausa ce har a tashi. Na zaɓi sayans tun SS1 don injiniya nake so, kuma wannan zaɓin ba ƙaramin abu ba ne, darussan da ka ɗauka a SS1 su za su yanke kos ɗin da za ka iya nema, ba za ka yi shekara uku a ajin at ba sannan ka ce injiniya kake so ba Fiziks ba Kemistiri. A JAMB dole NDA ce zaɓin farko, kuma makin da ake nema lokacinmu 180 ne ga yawancin kwasa-kwasai, injiniya 210, amma kar wannan ya ruɗe ka, wannan makin na shiga layi ne kawai, bayansa akwai jarabawar NDA ɗin kanta wadda dubban yara suke zama, tambayoyi da yawa lokaci kaɗan. Abin da na yi shi ne tun SS2 na samo tambayoyin shekarun baya ina yi da agogo a gabana, in lokaci ya cika in ajiye biro ko ban gama ba, da farko ko rabi ba na kaiwa, a hankali hannuna ya saki. Turanci kuwa wani malaminmu ne, Allah ya saka masa da alheri, ya ce kullum in karanta shafi ɗaya na jarida da ƙarfi sannan in rufe in faɗa masa abin da na fahimta da Turanci, abokai suna min dariya suna ce min bature, amma ranar intabiyu da na tsaya gaban manyan hafsoshi suka jefo tambaya bakina bai mutu ba. A nan ne yaranmu da yawa suke faɗuwa, ba don ba su san amsa ba, a'a, sun sani sarai, fitar da ita ce ta gagara.

Karatun jaridar ya yi min wani amfanin kuma, don ana tambayar abubuwan da suke faruwa a ƙasa. Sunan shugaban hafsoshin tsaro da na sojan ƙasa da ruwa da sama, ministan tsaro, gwamnan jiharku da shugaban ƙaramar hukumarku, jerin muƙaman soja, ɗan tarihin Najeriya daga haɗewar 1914 zuwa 'yancin kai a 1960 zuwa yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970. Wanda ya haddace su a daren jarabawa ana ganewa.

Jiki kuma, tun SS1 bayan sallar asuba nake fita gudu kafin in yi shirin makaranta, Kawu ya hana ni farawa da ƙarfi, ya ce a hankali ake ƙara nisa, sai fushof da sitof a tsakar gida, har Umma ta saba tana ajiye min koko mai zafi. Da azumi na mayar da shi bayan sallar tarawi. Wanda ya fara saura wata ɗaya yawanci ciwo yake ji wa kansa, ya je Kaduna da ƙafa a kumbure. Tsawo akwai ƙa'ida, namiji mita 1.68 a lokacinmu, wannan kam na Allah ne amma gara ka auna ka san matsayinka. Abin da na fi so iyaye su ji shi ne gwajin asibiti. Ina SS2 Baba ya kai ni aka duba idona da jinina da hawan jini da ciwon hanta, aka duba ƙafafuna ko akwai gwame ko tafin ƙafa shimfiɗaɗɗe, saboda duk waɗannan likitocin soja suna dubawa tsaf, tsirara za ka tsaya gabansu ba wani ɓoye-ɓoye. Wani abin yana da magani in an gano shi da wuri, wani kuma ba shi da shi, to gara yaro ya sani yana SS2 ya juya hankalinsa wani wajen da ya kwashe shekaru yana mafarki sannan likita ya sallame shi cikin minti biyar. Ƙwaya da sirof da wiwi kuwa ko kusa, ana gwada fitsari, ban da haka ma huhun da ya sha hayaƙi ba ya gudu. Zanen tatu shi ma a bar shi. Aure ko haihuwa kafin shiga duk suna hana ɗauka.

Da sunana ya fito cikin waɗanda za su je AFSB, wato hukumar tantancewa ta ƙarshe, aka ba mu lamba muka rataya a ƙirji, daga ranar ba ka da suna sai lamba. Kullum ana rage mutane, da safe kuna da yawa da yamma wasu sun ɗauki jaka. Abin da na lura shi ne ba ƙarfi kaɗai ake kallo ba, ana kallon yadda kake bin umarni, yadda kake da abokan rukuninka in an ba ku aiki tare, ko kana iya magana ba tare da ka danne kowa ba, ko kana tashi kan lokaci da tsafta. Ni firifet na yi a makaranta kuma ina cikin 'yan fareti, tsayuwa gaban asambile ina magana ta cire min tsoron idon mutane tun kafin in je can.

Dole in yi maganar 'yan damfara, don abin yana ci min rai. Duk shekara sai wani ya fito ya ce yana da oga a sama, a kawo kuɗi a sa sunan yaro, wani maƙwabcinmu har gonarsa ya jinginar, sunan ɗan bai fito ba, mutumin kuma ya kashe waya. Fom a shafin NDA na intanet ake cikewa, jerin sunaye ma a nan yake fita, in za ka je kafen intanet ka zauna kusa da mai cike maka ka ga abin da yake shigarwa. Ni ban ba kowa ko sisi ba, kuɗin da Baba ya kashe na fom ne da mota da lesin da takalmin gudu.

Kuma Kawu bai bar ni na rataya komai a kan NDA kaɗai ba, saboda gurbin kowace jiha kaɗan ne, masu nema kuma ba iyaka, yaro zai iya cika komai a bar shi a jerin jiran ko-ta-kwana. Tun kafin sakamako ya fito mun riga mun tsayar da jami'ar da zan canja zuwa gare ta a JAMB in ban samu ba, da niyyar in sake nema badi tunda shekaruna ba su wuce ba, in ma sun wuce akwai gajeren kos na masu digiri da ake shiga a zama hafsa bayan an gama jami'a. Wani abokina da muka yi gudun asuba tare ta nan ya bi, ya yi digirinsa na lissafi ya yi bautar ƙasa sannan ya shiga, yanzu haka yana aiki a arewa maso gabas.