Tiyo ɗan ƙarami ya cinye min turbo a hanyar Jega

Har yau in na buɗe bonet, wurin da idona ke fara zuwa shi ne wannan ɗan tiyon da bai kai tsawon tafin hannu ba. Na'urar ƙara matsin turbo ta hannu da na sa wa motata ba ta yi laifin komai ba, aikinta ta yi. Tiyo ne ya ja min.

Passat ce 'yar Kwatano, mai injin 1.8T, doki 150, da ƙaramin turbo samfurin K03, wato fankar da hayaƙin inji ke juyawa tana cusa masa ƙarin iska. Yadda ta fito daga kamfani, matsin iskar na tsayawa wajen psi 8 (psi ma'aunin matsin iska ne). Na'urar da na sayo mai ƙwallo da sifirin ce. Ana sa ta a kan tiyon da ke kai iska daga turbo zuwa wesget, ƙofar da ke karkatar da hayaƙi don turbo ya rage gudu, sai ƙwallon ya tare hanya har matsin ya fi ƙarfin sifirin, sannan wesget ta buɗe ta saki hayaƙi. Kana ɗaure sukurun da ke matse sifirin, matsi na hawa. Ƙasa da sifirin wesget kuwa ba ta iya saukar da shi, wanda ya ce maka tana rage matsi ƙasa da haka bai taɓa riƙe ta ba.

A wani gareji a Birnin Kebbi muka yi aikin, lokacin hunturu. Gejin auna matsin turbo muka fara sawa, don ba na yarda a taɓa sukurun nan da ka. Muka bi kibiyar da ke jikin na'urar, gefen turbo daban, gefen wesget daban, muka cire tiyoyin bawul ɗin N75, wanda kamfani ya sa don daidaita matsin, muka bar wayarsa a jone don kada birenbos, kwamfutar motar, ta yi ƙorafi. Duk wannan bai ɗauki wani lokaci ba. Da aka zo tura tiyon da ya zo cikin kwalin na'urar a bakin turbo, na ce wa yaron gareji ya kawo kilif.

"Alhaji, wanga ya kama. Ja shi ka gani."

Na ja, bai motsa ba. Maigidansa na kwance ƙarƙashin wata mota, ya ɗago murya ya ce, "Ranka shi daɗe, ko da ƙarfi ba ya fita." Inji a sanyaye, roba sabuwa, gari da hazo da sanyi, ina zai fita?

Gwaji a hanyar Kalgo ya yi daɗi ƙwarai. Sukuru a sake gaba ɗaya na fara, sai rubu'in juyi, in taka a giya ta uku in duba geji, in tsaya in ƙara. A psi 11 na dakata. K03 ƙarami ne, in ka matsa masa zafi kawai yake hurawa, ga man da muke sha ba irin na Turai ba ne, balle ranar da ta kama ka sayi na 'yan bumburutu. Motar ta canza hali, tun daga ƙasa take ɗauka, ba sai an roƙe ta ba.

A watan Afrilu abin ya faru, lokacin da zafin Kebbi ke haura digiri 40 a inuwa. Ina hanyar Jega da rana tsaka, na fito zan wuce wata tirela shaƙe da albasa. Na taka totur har ƙasa, sai na ji motar ta zabura yadda ba ta taɓa yi ba, turbo na wani irin kuka siriri. Allurar geji ta wuce 20 tana neman ƙarshe. Ga mota na tahowa gabana, ina tsakiyar tirela, ɗaga ƙafa ba zaɓi ba ne. Birenbos ta yanke mai, motar ta yi tsalle, ta sake kamawa. Allah ya sa na shige.

Da na faka na buɗe bonet, ga tiyon nan yana lilo. Na taɓa shi, ya yi laushi kamar ƙosai a kunu, bakinsa ya buɗe ya kumbura. Zafin da ke fitowa daga turbo ya dafa robar, iska ta tunkuɗe shi. Da zarar ya fita, wesget ba ta jin komai, tana nan a rufe, duk hayaƙin injin na bi ta fankar turbo ba mai hana shi. Abin da ba a faɗa maka ke nan: tiyon nan in ya zame, matsi ba sauka yake ba, hawa yake har inda ƙarfe ya gaji.

Na mayar da shi na ɗaure da waya, na lallaɓa gida. Bayan 'yan kwanaki salansa ta fara fitar da shuɗin hayaƙi, baƙin mai na raguwa. Da aka cire bututun iska, sandar turbon na kaɗawa a yatsa, bakin fanka ya goge jikin gidansa. Turbon dama ya sha tafiya kafin ya zo hannuna, wannan gudun ne ya ƙarasa shi. Fistin sun tsira, alhamdulillahi, an auna matsin silinda duka huɗun lafiya. Amma kuɗin wani turbo na Beljiyam da aikin sawa, da na sayi kilif cike da buhu.

Da na koma garejin, maigidan ya juya tiyon a hannu ya ce, "Ai kayan yanzu ne, Alhaji." Kayan yanzu. Kilif ɗin da na nema na cikin gwangwani a kan bencinsa.

Na'urar na nan a motar, ban cire ba. Tiyon silikon na sa, gajere don kada matsi ya riƙa tsalle kafin wesget ta ji, na kauce da shi daga gefen salansa, kilif a kowane baki. Ɗan ramin shan iska da ke jikin na'urar ina busa shi lokaci-lokaci saboda ƙura, don in ya toshe iska na maƙalewa a wesget. Sukurun kuma na sassauta zuwa psi 10 har damina ta sauka.