Wasiƙa daga Manchesta: kowa na neman bos a WandaVision, an manta da matar da aka hana gawa

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida,

Da fatan kuna lafiya, ya zafin da na ji an ce ya fara leƙowa. Mu nan Ingila har yanzu muna cikin kullen korona da aka saka tun farkon Janairu, sinima a rufe, gidajen abinci sai dai ka saya ka tafi da shi, yara ma sai ranar 8 ga Maris ɗin nan za su koma makaranta. To a irin wannan zaman ne wani fim mai dogon zango ya kama mutane kamun da ban taɓa gani ba, wato WandaVision na kamfanin Marvel, kuma jibi Juma'a 5 ga Maris 2021 za a saki kashi na 9 wanda shi ne na ƙarshe. Na san Disney+, manhajar da ake sakin fim ɗin a kai, bai iso Najeriya da Nijar ba amma na ga da yawanku na bin sa ta wajen masu tura fim a waya da kuma Telegram, don ƙannena ma a guruf ɗin gidanmu ba su da zance sai shi. Wanda bai kai kashi na 8 ba don Allah ya ajiye wasiƙar nan tukuna, zan taɓo labarin sosai.

Kafin na shiga abin da ke raina ya kamata ku san irin yunwar da mutanen nan suka shigo da ita. Shekarar 2020 gaba ɗaya Marvel ba su fitar da fim ko ɗaya ba, rabon da a yi haka tun 2009, na ƙarshe da aka gani a sinima shi ne na Spider-Man a Yulin 2019, Black Widow da aka sa wa Mayun 2020 aka yi ta ɗagawa. Sai ga wannan ranar 15 ga Janairu, kashi biyu a tare, baƙi da fari, babu faɗa babu fashe-fashe, mata da miji, wato Wanda mai ƙarfin tsafi da Vision wanda mutum-mutumi ne, a falo ana ta barkwanci irin na talabijin ɗin Amurka na shekarun 1950 da 1960 har da dariyar 'yan kallo a bayan fage. Wasu a makon farko suka yi ta ƙorafi wai an yaudare su. Amma da yake duk Juma'a ake sakin kashi ɗaya, ba kamar Netflix da ke zube maka komai rana guda ba, sai ya zama mutum yana da sati cur babu wurin zuwa babu abin yi sai tunani da hasashe, kuma wlh an yi hasashe.

Ƙarfe 12 na dare agogon Kalifoniya suke saki, mu nan 8 na safe, ku 9. Ranar kashi na 7 mutane suka yi wa manhajar rubdugu har ta ɗan tsaya cak, kafin a gyara Twitter ta cika da kuka. Akwai masu YouTube da sana'arsu kenan yanzu, kafin azahar sun fitar da bidiyon da ya fi kashin kansa tsawo, suna tsayar da hoto suna zagaye abu da jan layi, ga lambar mota, ga hoton bango, ga ƙudan da ya sauka a labule.

Duk wannan neman abu ɗaya ne, waye bos. Kun san yadda muke a gidan kallo, minti goma da fara fim wani zai tambaya wai wane ne bos ɗin, to Turawan ma haka suke ashe. Sunan da ya fi yawo shi ne Mephisto, wani shaiɗani ne a littattafan komik na Marvel, kuma masu wannan hasashen ba daga sama suka ɗauko ba, a komik na ƙarshen shekarun 1980 an nuna tagwayen Wanda, Billy da Tommy, daga ɓangaren ruhinsa aka samar da su. Shi kenan da aka ga ta haifi tagwaye a kashi na 3 sai kowa ya zama Mephisto. Zomon maƙwabciya Agnes Mephisto ne, mijinta Ralph da take ta ambata ba a taɓa ganinsa ba Mephisto ne, shamuwar da ta shigo falo Mephisto ce, ƙudan labule ma bai tsira ba. Sai kuma ƙarshen kashi na 5 aka danna ƙararrawar ƙofa, ga ɗan uwanta Pietro wanda ya mutu tun a fim ɗin 2015, amma da fuskar Evan Peters, wanda ya fito a wannan matsayin a finafinan X-Men na kamfanin Fox. Da yake Disney, mai kamfanin Marvel, ta sayi Fox a 2019 kan dala biliyan 71 da 'yan kai, nan take aka yanke hukunci cewa an buɗe wa X-Men ƙofa kenan. Monica Rambeau, wata jami'a a cikin fim ɗin, ta ce tana da wani injiniya da zai taimaka mata, aka ce ai Reed Richards ne na Fantastic Four, mako biyu ana jira, da lokacin ya zo sai ga wata sojar da ba wanda ya san ta.

Su ma 'yan wasan sun ƙara wa wutar fetur gsky. An tambayi Elizabeth Olsen, wadda ta fito a Wanda, ko akwai wani babban baƙo da zai bayyana ba zato, ta amsa da e. Paul Bettany, wanda ya fito a Vision, ya ce akwai ɗan wasan da ya daɗe yana burin yin aiki da shi kuma sun haɗu a nan, aka yi ta jero sunaye, Patrick Stewart, Ian McKellen, Benedict Cumberbatch har da Al Pacino. Yanzu da aka ga farin Vision bayan rubutun ƙarshe na kashi na 8, da yawa sun fara zargin kansa yake nufi, zai fito da kansa a gaban kansa. Daraktan Matt Shakman ma a makon nan ya fito ya ce lallai akwai waɗanda hasashensu ba zai tabbata ba kuma ransu zai ɓaci. Ni na ɗauki wannan a matsayin yana shafa wa mutane ruwa tun kafin aski ya zo.

Ba na ganin laifin masu hasashen, ni ma na ji daɗinsa, a lokacin da ba ka iya zuwa gidan maƙwabcinka samun abin da za ku yi musu a kai duk mako rahama ce. Abin da ya dame ni shi ne bayan kashi na 8 na shiga Twitter da Reddit na tarar da mutane masu yawa suna cewa kashin bai motsa labari ba, wai duk waiwaye ne, yaushe za a nuna bos na gaskiya. Alhali wannan kashin shi ne fim ɗin gaba ɗaya.

Ku tuna abin da aka nuna. Wanda tana yarinya 'yar shekara 10 a ƙasarsu Sokovia, babanta na tallar faifan DVD na wasannin barkwancin Amurka, da dare iyali su zauna su kalla suna koyon Turanci da shi, ana cikin dariya bam ya faɗo ya kashe uwa da uba, ita da ɗan uwanta suka kwana biyu a ƙarƙashin gado suna kallon wani bam ɗin da bai tashi ba mai ɗauke da sunan kamfanin makamai na Stark, talabijin na gefe yana ci gaba da yi. Ta girma ɗan uwan ya mutu. Ta samu Vision, a fim ɗin 2018 da hannunta ta kashe shi don a ceci duniya, Thanos, bos ɗin wancan fim ɗin, ya mayar da lokaci baya ya sake kashe shi a gabanta. Sannan abin da ya fi tsaya min a rai, ta je ofishin SWORD, hukumar tsaron da ke riƙe da gawar Vision, ba da faɗa ba, ta tsaya a kanta kamar kowa ta ce gawarsa take so ta binne. Aka kai ta ta leƙa ta gilashi, sun yi gunduwa-gunduwa da shi a kan tebura, kai daban hannu daban, wayoyi a waje, shugaban wurin Hayward ya ce mata ba zai bari a tura ƙarfen dala biliyan 3 cikin rami ba, kuma ai ba nata ba ne. Ta sauka ta dafa goshin Vision, ta juya ta fita hannu rabbana. Daga nan ta tuƙa mota zuwa Westview a jihar New Jersey, ta tsaya a kan wani fili da Vision ya saya musu, tushen gini kawai babu gida, takardar filin a hannunta, a nan ta durƙushe komai ya ɓalle, ƙarfinta ya mayar da garin wasan barkwancin da muke kallo, ya samar mata da sabon Vision. Kuma shi Hayward ɗin ya dawo ya gaya wa mutanensa wai ta fasa wurin ta sace gawar.

Na kalli wannan wurin ban iya ƙarasa shayin da ke hannuna ba. A Afrilun bara lokacin da aka yi ta mace-mace a Kano gwaggona na cikin waɗanda suka tafi, Allah Ya jiƙanta, ita ta riƙe ni ina ƙarami. Filayen jirgi a rufe, ba a buɗe zirga-zirgar ƙasashen waje ba sai Satumba. Ban ga gawa ba, ban yi salla ba, ban zauna a tabarmar makoki ba, ta'aziyya a waya na karɓa, mutum ya kira ya ce ya haƙuri layi na yankewa, ka ajiye waya ka ga kai kaɗai ne a ɗaki da hita. Kusan duk wanda na sani a nan cikin 'yan uwanmu yana da irin wannan labarin. Su kansu Turawan, Birtaniya ta haura mutum 100,000 da korona ta kashe a ƙarshen Janairu, Amurka ta haura 500,000 a ƙarshen Fabrairu, jana'iza a Ingila ba a wuce mutum 30, mutane da yawa ta allon waya suka yi sallama da iyayensu a asibiti. A cikin wannan shekarar aka kawo mana labarin matar da aka hana ta binne mamacinta, ta rasa mai ce mata sannu, ta gina wa kanta ƙarya ta shige ciki. Shi ya sa 'yar maganar da Vision ya yi mata a waiwayen, inda ya nuna mata baƙin cikin rashi soyayya ce da ta ƙi ƙarewa, ta zagaye intanet a kwana ɗaya, wasu na kuka da ita wasu na yi musu dariya wai kalaman fim ɗin yara sun sa su hawaye. Ni ina tare da masu kukan.

Mu da muka taso da zaman makoki na kwana uku, da sadakar bakwai da ta arba'in, da takaba, ya kamata mu fi kowa gane abin da ya samu Wanda. Duk waɗannan suna hana mai rashi zama shi kaɗai da tunaninsa, dole a shigo a fita, a kawo abinci, a tilasta maka ka amsa gaisuwa ko ba ka so. Ita ba ta samu ko ɗaya ba, waɗanda suka yi yaƙi tare kowa ya kama gabansa.

Sai dai akwai ɗaya ɓangaren masoyan da su ma ban yarda da su ba, masu cewa Wanda ba ta da laifi ko kaɗan, duk Agatha ce, wato maƙwabciyar nan Agnes, da Hayward. E Agatha mayya ce tun zamanin Salem na 1693, waƙar da aka tona asirinta da ita ma ta yi tashe har ta hau saman jerin iTunes, kuma Kathryn Hahn da ta fito a matsayinta ta yi wasa ba ƙarya. Amma kashi na 8 ya nuna ƙarara ba ita ta ƙirƙiri garin ba, zuwa ta yi ta tarar. Allon shiga Westview ya ce mutum 3,892 ne a garin, kuma duk an ƙwace musu hankali an sa su wasan da ba su zaɓa ba. Ku tuna Norm abokin aikin Vision, da aka farkar da shi na ɗan lokaci abin da ya fara nema waya ce ya kira 'yar uwarsa saboda babansu ba shi da lafiya, yana roƙo a sa ta daina don akwai ciwo. Ku tuna matar nan a bakin gari a kashi na 6, tana ɗaga hannu za ta rataya ado a igiya tana saukewa tana sake ɗagawa, hawaye na bin kumatunta ba ta iya sharewa. Waɗannan mutanen ba su kashe Vision ba, ba su san Sokovia ba, wasu an raba su da 'ya'yansu. Haƙƙi ne a wuyanta, kuma zafin rashinta bai sauke shi ba.

Don haka ni abin da zan zuba wa ido ranar Juma'a ba Doctor Strange ba ne, duk da an riga an sanar Olsen za ta fito a fim ɗinsa na gaba kuma a nan Ingila ake ɗaukarsa. In ya zo bismillah, in Mephisto ya fito daga cikin zomo ma ba zan yi fushi ba. Ina so na ga ko marubuciyar, Jac Schaeffer, za ta yi ƙarfin halin sa Wanda ta rushe garin da hannunta alhali ta san Vision da yaran biyu da wuya su rayu a wajensa, don mun ga yadda ya fara wargajewa da ya gwada fita. Kuma ina so na ga ta tsaya gaban mutanen Westview sun farka sun kalle ta ido da ido. Tsorona kar a lulluɓe wannan da faɗan sama, jan wuta da shuɗiyar wuta ana jifan juna da motoci, a tashi kowa ya ce ai ta yi sadaukarwa shi kenan an yafe. In aka yi haka ni a wajena an ci amanar kashi takwas ɗin da suka wuce ko da an kawo X-Men gaba ɗayansu.

Roƙona gare ku musamman ƙannena masu saurin saukewa, ni ina aikin dare ranar Alhamis, ba zan samu kalla ba sai bayan sallar Juma'a, don girman Allah kar wanda ya ɗora hoton ƙarshen a sitatus ko ya jefo shi guruf, ku bari zuwa Asabar mu yi musun da hujja. Sati biyu bayan nan ranar 19 ga Maris kuma na Falcon da Winter Soldier zai fara, a tanadi data. A gaida su Hajiya da Baba, a ce musu muna nan lafiya, kuma duk wanda ya yi rashi a shekarar nan ban samu kiransa ba ina yi masa ta'aziyya, Allah Ya jiƙan namu da naku.

Ɗan uwanku,
daga Manchesta
3 ga Maris, 2021