Abin da lambun unguwa ya koya mana game da ruwa da taki

Darasin da ya fi tsada a lambun haɗin gwiwa shi ne a san ruwan da za a yi ban ruwa da shi tun kafin a sayi iri. A Kano, masu lambu a bakin rafukan Jakara da Getsi sun daɗe suna noman latas da alayyahu da karas da ruwan kwata, wanda na Getsi har dattin masana'antun Bompai yake kwasowa. Ganye yana fitowa shar, amma latas ɗanye ake ci, ƙwayoyin cuta kuwa a jikin ganyen suke maƙalewa. In babu rijiya, a zuba ruwan a gindin shuka, kada a watsa a kan ganye, a kuma dakatar da ban ruwa kwana uku ko huɗu kafin a cire. Wannan yana rage ƙwayoyin cuta, amma ba ya maganin gubar ƙarfe irin ta wuraren jima. Inda ruwan masana'anta ke bi, kada a shuka ganyen ci.

Lissafin ruwa ma yakan ba mutane mamaki. Da bazara, kowace murabba'in mita tana shan lita 5 zuwa 7 a rana, wato fangali 10 masu murabba'in mita 2 suna cinye lita 100 zuwa 140 kullum. In ba a rubuta ranar ban ruwan kowa ba, da wanda zai riƙe kuɗin man injin, cikin wata guda ana fara saɓani, shuka ta bushe ana jayayya.

Kashin kaji ɗanye yana ƙone saiwa. A tara shi, a riƙa yayyafa ruwa ana juyawa kamar mako 6, sai ya daina zafi. Takin bola kuma sai an tankaɗe, a fitar da leda da kwalba da tsohon batir.

Tumatir na da nasa ciwon kan. Tsutsar da manoma suka laƙaba wa Sharon, wadda ta cinye tumatirin Kano da Kaduna a 2016, cikin ganye take shiga, shi ya sa feshi bai cika samunta ba. A cire ganyen da ya nuna farin tabo a binne shi, kowa a rana ɗaya, domin fangalin mutum guda da ya yi sakaci yana sake harbar na maƙwabtansa.

Fili kuwa, ko na aro ne, a rubuta yarjejeniyar a gaban mai unguwa, a yi shinge saboda awaki.