Kwale-kwalen da na ƙona musu

Wata 3 na yi ina gina duniyar wasan nan, littafin rubutu 2 na cika taf, kuma da hannuna na kusa kashe shi a zama na huɗu. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Mu 5 ne muke haɗuwa daren Asabar a bes ɗinmu a unguwar Nima da ke Accra, ana dafa ataya ni ina jan labari. Dokokin Dungeons & Dragons na ara, wasan da mutum ɗaya ke jan labari sauran kowa ya zama wani a cikinsa, ana jefa dayis a ga ko abin da ya yi niyya ya yiwu, amma dodannin Turawa sun ishe ni, sai na ɗora wasan a kan fataucin Gwanja: ayari ya taso daga Kano da jakuna, an ɗauro kanwa da baƙaƙen riguna, a ƙetare Kwara a bi ta Nikki da Yendi har kasuwar Salaga a sayo goron da ake kawowa daga ƙasar Asante. Na saka lokacin kafin 1874, kafin Turawan Ingila su ƙona Kumasi cinikin Salaga ya fara lalacewa. Madugu, jagaba, kuɗin wuri, har kuɗin fiton da sarakunan hanya ke karɓa duk na rubuta. Dayis mai fuska 20 ma sai da wani ya taho min da shi daga waje, kuma sai da na zauna na fahimtar da Baba mai gidan ba caca muke ba, ko sidi ɗaya ba a ajewa.

To ayari ya iso bakin Kwara, shi kenan mutanen nan suka ƙi gaba. Abokina tela, wanda ke wasa da ɗan kamasho, ya lura masu fito na tsuga kuɗi, ya ce su sai da jakunansu su sayi kwale-kwale su karya farashi. Kowa ya ɗauka, ƙanina har ya fara lissafin riba a bayan kwalin sukari. Ni kuwa duk shafukana masu daɗi suna Salaga! Sai kawai na ce da dare ’yan fashi sun zo sun ƙona kwale-kwalen, ku tashi ku bi ayari. Ban bari sun jefa dayis ba, ban tambaya ko akwai mai gadi ba. Wurin ya yi tsit, tela ya aje kofinsa ya ce “Yaya, to ka karanta mana littafin kawai mana mu saurara.” Sati 5 bai sake zuwa ba.

Abin da ya fi cina, shawararsa ta fi labarina kyau nesa ba kusa ba. Sarkin ruwa da za a taɓa wa abinci, madugun da aka gudu aka bari da bashi, ga rigima ta kawo kanta kyauta ni kuma na sa mata wuta.

Yanzu in zan shirya zama shafi ɗaya nake yi, mutum 3 ko 4, me kowa ke so, me yake tsoro, wa yake bin bashi. Inda za su nufa kuma ruwansu ne. In zan yi musu mugunta a gabansu nake jefa dayis kowa na gani.

Sai da na je shagon tela a Mamobi na ba shi haƙuri, muka mai da gobarar mafarki. Zama na 14 ke nan suna bakin kogin, kwale-kwalensu 6, kuma littafin Salaga na nan ƙarƙashin katifa ko buɗe shi ban yi ba.