Ɗan mahaucin da ya sayi bayan garin New York, da abin da zuri'arsa suka yi da shi

Labarin John Jacob Astor na cikin labaran da nake yawan komawa kansu duk lokacin da hirar filaye da gidajen haya ta taso, saboda mutumin nan kusan duk dabarar da manyan 'yan kasuwar gidaje ke taƙama da ita yau shi ya riga su yi, shekara ɗari biyu da suka wuce, kuma illar da ke tattare da dabarar ma a gidansa aka fara ganinta ƙarara.

An haife shi a 1763 a wani ƙaramin gari mai suna Walldorf kusa da Heidelberg a ƙasar Jamus. Babansa mahauci ne, gidan kuma ba wani hali gare su ba, shi ya sa yaran suka riƙa ficewa ɗaya bayan ɗaya. Yayansa George ya tafi Landan yana harkar kayan kiɗa, wani yayan nasa Henry ya haye Amurka ya ci gaba da fawa a New York. Shi John yana ɗan shekara 16 ya bi George Landan, ya koyi Turanci ya koyi ciniki, a ƙarshen 1783 ya shiga jirgin ruwa da 'yan sarewa a kayansa wai zai je ya sayar. Jirgin ya maƙale a ƙanƙara kafin su isa Baltimore, suka daɗe a tsaye, to a wannan zaman jiran ne ya saba da wani fasinja mai fataucin fatu, mutumin ya buɗe masa yadda ake saye a hannun 'yan asalin ƙasar da araha a kai Turai a sayar da tsada. A lokacin gashin wata dabbar ruwa da ake kira biba shi ake yin hular manya da shi a Turai, kuɗi ne sosai.

A 1785 ya auri Sarah Todd, 'yar matar da yake haya a gidanta. Mutane na yawan tsallake matar nan in suna ba da labarin, kuma ni abin na damuna, domin ta shigo da ɗan jarinta, tana da dangi masu harkar jiragen ruwa, kuma shi kansa ya yarda ta fi shi ido wajen gane fata mai kyau. Yana daji yana saye, ita tana shago tana tantancewa. A 1808 ya kafa American Fur Company, a 1811 mutanensa suka kafa sansani a bakin kogin Columbia can gaɓar tekun Pasifik suka sa masa Astoria, yaƙin 1812 da Ingila ya cinye wannan shirin, amma dai cinikinsa da China ya ci gaba, yana kai fatu yana ɗauko shayi da siliki. Akwai kuma wani ɓangare da bai kamata a rufe ba: wajen 1816 jiragensa sun yi fasa-ƙwaurin ofiyom, wani mugun kayan maye, daga Turkiyya zuwa birnin Canton, alhali hukumar China ta haramta, sannan a dajin ma giya na cikin abin da 'yan kasuwar fatu ke amfani da ita wajen cin ribar 'yan asalin ƙasar. Kuɗin da ya zama filaye daga baya har da irin wannan a ciki.

To yanzu ga inda labarin yake da nama. New York ta wancan zamanin 'yar ƙarama ce, duk a cunkushe a kudancin tsibirin Manhattan, a 1800 mutanenta ba su wuce 60,000 da 'yan kai ba, arewa da nan kuwa gonaki ne da fadama da duwatsu. Tsibiri ne dogo siriri, ruwa ta gabas ruwa ta yamma ruwa ta kudu, kenan in garin zai girma hanya ɗaya ce tal, arewa. Kowa na ganin wannan da idonsa, amma Astor ne ya zuba kuɗi a kai ya kuma iya jira. Masu kuɗin lokacin suna rububin cikin gari inda haya ke shigowa nan take, shi kuwa yana bin gonakin bayan gari yana saye. A 1803 ya samu gonar Eden, wadda ta faɗa hannun masu bin bashi, kan kuɗi wajen dala 25,000, wannan gonar ita ce yankin da Times Square take a yau. A wannan tsakanin kuma ya karɓi filaye masu yawa daga hannun Aaron Burr, mataimakin shugaban ƙasa a lokacin, wanda bashi ya yi wa katutu yana neman tsabar kuɗi ido rufe. A 1811 hukuma ta fitar da taswirar da ta yanka tsibirin tituna-tituna a miƙe har can arewa, a 1825 aka buɗe mashigin ruwa na Erie wanda ya haɗa New York da cikin ƙasa, baƙi daga Ailan da Jamus suka yi ta kwararowa, kafin 1850 mutanen garin sun haura 500,000. Duk wanda ya sauko daga jirgi sai ya nemi wurin kwana, kuma garin na tafiya ne kai tsaye zuwa kan filayen Astor.

Ana ba da labarin cewa ya taɓa sayar da wani fili kusa da Wall Street kan dala 8,000, mai sayen yana murna yana ce masa nan da 'yan shekaru zai kai 12,000, shi kuma ya ce haka ne, amma da wannan dubu takwas ɗin zan sayi fegi 80 a sama da Canal Street, kafin naka ya kai sha biyu nawa sun kai 80,000. Labari ne da aka daɗe ana yaɗawa, kuma ya dace da yadda ya tafiyar da kasuwancinsa gaba ɗaya.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne, mutumin nan ba kasafai yake gini ba. In ka cire otal ɗin Astor House da ya buɗe a 1836 da wasu 'yan gine-gine, tsarinsa shi ne ya ba ka hayar filin na shekara 21, kai za ka yi gini da kuɗinka, kai za ka biya haraji, kai za ka yi gyara, in wa'adi ya cika a sake ciniki a kan sabon farashi, in ka kasa kuma filin ya koma wa mai shi da ginin a kai. Ka ga shi ba ruwansa da gobara, ba ruwansa da ɗan hayar da ya gudu, nasa kawai karɓa. Sannan yana ba da bashi ya riƙe takardun gida a matsayin jingina. Da tattalin arziki ya karye a 1837, bankuna suka rufe, mutane suka kasa biya, shi yana zaune da tsabar kuɗi tunda ya riga ya sayar da kamfanin fatun tun 1834, sai ya yi ta karɓe gidajen da aka jinginar masa yana kuma saye a gwanjo. Doka ba ta hana shi ba. Amma gaskiya duk lokacin da na zo wannan gaɓar sai raina ya sosu, domin kowane gida da ya shiga littafinsa a shekarun nan akwai iyalin da aka fitar daga ciki.

Ya rasu ran 29 ga Maris 1848, ya bar dukiyar da aka ƙiyasta wajen dala miliyan 20, babu wanda ya kai shi a Amurka a lokacin. Ya ware dala 400,000 a gina laburare, wanda daga baya a 1895 aka haɗe da wasu ya zama babban laburaren jama'a na New York, ya kuma aika 50,000 a gina gidan marasa galihu a garinsu Walldorf. Jaridun lokacin sun yi ta sukar ƙanƙantar abin da ya bayar in aka kwatanta da abin da garin ya ba shi, kuma ina ganin suna da hujja. Darajar filayen nan ai ba guminsa kaɗai ya kawo ta ba, leburorin da suka haƙa mashigin Erie da baƙin da suka cika garin da harajin da aka shimfiɗa tituna da shi, duk suna da hannu.

Babban ɗansa namiji yana da lalurar taɓin hankali, don haka kusan komai ya tafi hannun na biyu, William Backhouse Astor, wanda aka riƙa yi wa laƙabi da mai gidan hayar New York. Wannan shiru-shiru ne, kullum yana ofis da littafan haya, bai ƙirƙiro wani sabon abu ba, ya dai riƙe ƙa'idar uban: ba a sayarwa, ba a watsa dukiya, a ba maza kaso mafi tsoka a ɗaure sauran a amana yadda magada za su ci riba amma ba za su iya taɓa uwar kuɗin ba. A zamaninsa ne gidajen cunkoso suka cika unguwannin talakawa irin su Lower East Side, kuma da yawansu a kan filayen Astor suke. Yadda abin ke tafiya, wani ya karɓi hayar fili daga Astor, ya san shekara 21 gare shi ya fitar da kuɗinsa, sai ya tayar da bene ya yayyanka shi ƙananan ɗakuna, wasu ko taga babu, iyali guda a ɗaki ɗaya, banɗaki ɗaya a tsakar gida na gidan gaba ɗaya. Kwalara ta shiga garin a 1832 da 1849 da 1866, a irin waɗannan unguwannin ta fi kisa. Sai a 1879 aka yi dokar da ta tilasta taga mai kallon waje a kowane ɗakin kwana. In aka yi wa iyalin magana amsar a shirye take, mu fili kawai muka bayar, ginin ba namu ba ne. Wannan amsar ce ni ban taɓa iya haɗiyewa ba, tunda wanda ya sa kuɗin hayar filin da tsawon wa'adin shi ya tsara irin ginin da zai iya biyan kuɗin.

Jikoki da tattaɓa-kunne kuma sai labarin ya koma na gasa da nuna isa. Caroline, matar jikansa William, ita ce uwar manyan gari, sunayen mutum 400 da ake cewa su ne kaɗai suka isa shiga liyafarta har yau ana ambatonsu. Ɗan yayan mijinta William Waldorf Astor ya ga matarsa ce ta cancanci a kira ta uwargidan Astor, rigima ta ɓarke a kan wannan, shi kuma ya rushe gidan ubansa da ke maƙwabtaka da nata a Fifth Avenue ya tayar da otal mai hawa 13 a 1893 ya sa masa Waldorf, hayaniya da inuwar ginin suka hana tsohuwar sakat har ta tashi. Ɗanta John Jacob na huɗu ya rushe nasu gidan ya gina Astoria a 1897, wanda ya fi wancan tsawo, amma lissafin riba ya sa suka haɗe biyun ya zama Waldorf-Astoria. A 1929 aka rushe shi, a wurin ne Empire State Building yake tsaye yanzu. Shi William Waldorf tuni ya tattara ya koma Ingila, ya zama ɗan ƙasa a 1899, ya samu sarautar Viscount a 1917, surukarsa Nancy Astor kuma ita ce mace ta farko da ta zauna a kujerar majalisar wakilan Birtaniya a 1919. Hayar talakawan Manhattan ce ke tsallaka teku tana riƙe da gidajen sarautar nan.

John Jacob na huɗu ya mutu a haɗarin Titanic a watan Afrilun 1912, shi ne ya fi kowa kuɗi a cikin jirgin, ya saka amaryarsa Madeleine mai juna biyu a kwale-kwalen ceto shi ya tsaya. Ɗansa Vincent yana da shekara 20 yana karatu a Harvard, ya bar makaranta ya karɓi ragamar dukiyar. Kuma shi ne, a duk zuri'ar, ya tsaya ya duba irin gidajen da kuɗinsu ke fitowa daga ciki, abin bai yi masa daɗi ba. Ya fara sayar da su, ya karya ƙa'idar da aka riƙe tun zamanin kakan kakansa. A shekarun 1930, lokacin magajin gari La Guardia, ya sayar wa hukumar gidaje ta birnin wasu tsofaffin benaye a Avenue A da Third Street a farashi mai sauƙi, aka gyara wasu aka sake gina wasu, aka buɗe su a ƙarshen 1935 da sunan First Houses, suna cikin gidajen gwamnati na farko da aka yi wa masu ƙaramin ƙarfi a Amurka, kuma har yanzu akwai mutane a ciki.

Vincent bai haihu ba. Da ya rasu a 1959 ya bar kaso mai yawa na dukiyar a gidauniya a hannun matarsa Brooke Astor, ita kuma ta yanke shawarar kuɗin a New York aka same su don haka a New York za a kashe su. Ta riƙa zuwa da ƙafarta tana duba wuraren kafin ta sa hannu, laburare, gidan tarihi na Metropolitan, gidan namun daji na Bronx, ƙananan ƙungiyoyin unguwanni a Harlem da sauran wurare, har ta rabar da kusan dala miliyan 195 ta rufe gidauniyar a 1997. Ta rasu a 2007 tana da shekara 105, kuma ƙarshen nata ya ban tausayi matuƙa, domin a 2009 kotu ta samu ɗanta, wanda ta haifa a aurenta na farko, da laifin wawurar dukiyarta lokacin da tsufa da ciwon mantuwa suka ci ƙarfinta. Reshen Ingila na nan har yau da sarautarsu, amma a Manhattan yawancin filayen sun daɗe da barin hannun iyalin, abin da ya rage sunan ne a jikin Astor Place da otal ɗin Waldorf Astoria na Park Avenue da unguwar Astoria a Queens, wadda aka raɗa wa sunansa tun yana raye da fatan zai zuba jari a wurin, shi kuwa ɗan abin da ya saka bai taka kara ya karya ba.